Hoton tsuntsun ruwa a sararin Kwara: M, Tv ko Av?

Wata safiya cikin watan Janairu, a bakin Kwara kusa da Yelwan Yawuri, na bi wata balbela da kyamara tana tsallaka ruwa daga tsibiri zuwa gaɓa, na ɗauke ta sau goma sha ɗaya a jere. Da na koma masauki na buɗe hotunan, sai ka ce tsuntsaye uku ne daban. Inda sararin sama ke bayanta ta fito dusu-dusu kamar an turbuɗa ta a toka. Inda ta gifta gaban duhun itatuwan gaɓa ta fito fari fat, babu gashi ko ɗaya da ido zai rarrabe, kamar takarda aka yanko aka manna. Guda biyu kaɗai, inda ruwa ke bayanta, suka fito yadda na gan ta. Rana ɗaya ce ta haska ta tun tashinta har saukarta, babu girgije babu inuwa. Abin da ke bayanta ne ya yi ta sauyawa, kyamarar kuwa shi take aunawa, tunda shi ya cika hoton, tsuntsuwar ɗan ɗigo ce a tsakiya.

Wannan matsalar ita ce tushen zaɓin da nake so mu duba. Abokan sana'a masu hoton biki a Birnin Kebbi da Argungu, in suka samu dogon gilashi suka fara sha'awar tsuntsaye, tambayarsu ta farko ita ce: a wane harafi zan ajiye maɓallin saman kyamara?

Kebbi ba ta da teku, amma 'yan uwan tsuntsayen teku suna zuwa mana. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwan tafkin ya bazu har ƙasar Ngaski da Yawuri, ga kuma fadamar Gulbin Kebbi da gonakin shinkafarta. Daga wajen Oktoba zuwa Afrilu za ka ga wasu ƙananan tsuntsaye masu siririn fiffike, farare da ruwan toka, suna shawagi ƙasa-ƙasa a kan ruwa suna tsintar ƙwari. A gabashin Turai da tsakiyar Asiya suke ƙyanƙyasa, sanyi ke koro su nan. A kan tudun yashin Kwara akwai wani mai jan baki wanda leɓen bakinsa na ƙasa ya fi na sama tsawo, yana tashi dab da ruwa yana yanka shi da baki da yamma lis. Sai namu na gida: zalɓe, balbela, kirinjijiya, dinya, jinjimi, shirwa. Saitin da ya yi aiki a kansu shi ne zai yi maka aiki ranar da ka tsaya bakin teku a Legas ko Badagiri, domin matsalar ɗaya ce: farin tsuntsu, ruwa mai ƙyalli, da gudu.

Abu uku ne ke haɗa hasken hoto. Saurin ƙiftawar kyamara, wanda ake rubutawa 1/500 ko 1/2000 na daƙiƙa. Faɗin ƙofar haske da ke cikin gilashi, f/5.6 ko f/8, lamba na ƙaruwa ƙofa na tsukewa. Sai ISO, wanda in ka ɗaga shi hoto ya ƙara haske amma ya fara yin yashi-yashi. Haruffan nan, M, Tv da Av, ba komai suke nufi ba illa wanne ka riƙe da hannunka, wanne ka bar wa kyamara. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi: abin da Canon ke kira Tv da Av, Nikon da Sony na kiransa S da A.

Mu fara da Av, tunda shi ne hannun mai hoton biki ya saba da shi. Kai ke zaɓen ƙofa, kyamara ta zaɓi sauri. A ɗakin amarya wannan daidai ne, kana son baya ya narke fuska ta fito. Har ga tsuntsu mai tashi akwai masu kare shi, hujjarsu ita ce in ka buɗe ƙofa gaba ɗaya, kyamara za ta ba ka iyakar saurin da hasken wurin zai iya bayarwa. Gaskiya ne, muddin tsuntsun na sama. Da zarar ya sauko ya shiga gaban duhun ciyawar gaɓa, kyamara za ta ga duhu ta ja saurin daga 1/2500 zuwa 1/400, sai asara ta zama biyu a hoto ɗaya: farin gashi ya ƙone, fiffike kuma ya goge. Wasu kyamarori suna barin ka gindaya mata ƙa'idar kada ta sauka ƙasa da wani sauri, ta ɗaga ISO a maimakon haka. To amma duba taka tukuna, domin a wasu tsofaffin Canon wannan ƙa'idar ba ta wuce 1/250, wanda ya isa ga ango da ke tafiya, bai isa ga fiffike ba. Ni dai Av na bar shi ga zalɓen da ke tsaye cikin shinkafa yana dakon kifi.

Tv ya fi shi kusa da buƙata. Ka kafa sauri a 1/2000, kyamara ba ta isa ta taɓa shi ba, sai dai ta yi wasa da ƙofa. Ga wanda yau ya fara, wannan kwanciyar hankali ce babba, don ko ba komai fiffike zai tsaya. Sai dai ka tuna irin gilashin da yawancinmu ke iya saye: 70-300mm da ke tsayawa a f/5.6, ko 150-600mm na Sigma ko Tamron da ke tsayawa a f/6.3 in ka miƙe shi. Da sassafe, a wannan saurin, ƙofar a wangale take tun farko, kyamara ba ta da sauran abin buɗewa. Lambar f za ta riƙa walƙiya a tagar leƙe, hotuna su yi ta fitowa da duhu, sai fa in ka saki ISO shi ma ya zama na atomatik. In ka saki, to abu biyu ke nan ka bar wa kyamara, ga shi ita ce dai ke auna bayan tsuntsu. Da rana ta ɗaga kuma takan tsuke ƙofa fiye da yadda kake so, sai ƙurar da ta zauna a kan sensa, farantin da ke karɓar hoto a cikin kyamara, ta bayyana ɗigo-ɗigo a sararin sama. Wanda ya taɓa sauya gilashi a fili lokacin hunturu ya san ɗigon nan.

Na uku shi ne M, wato saitin hannu, da ISO na atomatik, wanda masu hoton tsuntsaye da yawa suka koma a 'yan shekarun nan. Ka riƙe sauri, ka riƙe ƙofa, ka bar wa kyamara ISO kaɗai, ka kuma sa masa iyaka, misali kada ya wuce 3200 a kyamara irin Nikon D500 ko Canon 7D Mark II. Amfaninsa na fitowa ne lokacin da hasken kansa ke sauyawa. A Kebbi cikin Disamba da Janairu rana ba ta ɓullowa sai wajen ƙarfe 7, kuma a rabin awar farko haske na ninkawa cikin 'yan mintuna. A daidai lokacin ne kirinjijiya ke tasowa garke-garke suna fito, ba ka da sukunin duba lambobi. Haka ma da damina, girgije ya rufe rana yanzu, ya buɗe an jima. A nan kyamara ta fi yatsanka sauri, kuma abin da take taɓawa shi ne mafi ƙarancin illa, don yashi-yashi ana rage shi a kwamfuta, amma fiffiken da ya goge ba shi da magani.

Duk da haka matsalar balbelata tana nan daram. Kyamara na ci gaba da auna baya, ta ISO kawai take bayyana kuskurenta yanzu. Dole ka riƙa gyara mata da maɓallin ƙari da ragi: tsuntsu a gaban farin sama, ƙara mataki ɗaya (wato ninka haske biyu) ko fiye, farin tsuntsu a gaban duhu, rage mataki ɗaya. Tsuntsun da ke sauka yana haye sama da itace da ruwa cikin daƙiƙa biyu, babu yatsan da zai bi shi. Akwai kuma wani tarko ga masu sayen kyamara ta hannu: Canon 700D, 60D da 7D na farko ba sa ba ka damar ƙari da ragi in kana M da ISO na atomatik. Sai daga 7D Mark II na 2014 da 80D aka buɗe wannan ƙofar a wannan jerin. Nikon kuwa sun daɗe da ita. Mai irin waɗancan Canon ɗin, zaɓinsa Tv ne ko kuma na huɗu.

Na huɗun shi ne M zalla, komai a hannunka, kuma shi nake so a ba wa haƙƙinsa domin mutane na tsoronsa ba gaira ba dalili. Dalilinsa mai sauƙi ne. In rana na bayanka kuma babu girgije, hasken da ke sauka a jikin tsuntsu ɗaya ne, ko yana gaban sama, ko gaban kurmi, ko gaban ruwa. To me zai sa lambobi su sauya? Ka auna sau ɗaya, ka kulle, ka maida hankalinka kacokan kan bin tsuntsu. Ƙasarmu ta dace da wannan fiye da ƙasashen da ake rubuta yawancin shawarwarin hoto, inda girgije ke wasa da rana dukan yini. Mu daga Nuwamba zuwa Maris sai a yi makonni ba a ga girgije ba.

Ga yadda nake aunawa. Akwai tsohuwar ƙa'ida tun zamanin fim: a rana tsantsa, f/16 da sauri daidai da lambar ISO, wato ISO 100 da 1/100. In ka buɗe ƙofa zuwa f/8 haske ya ninka huɗu, sauri ya koma 1/400. Ka ɗaga ISO zuwa 400, ya koma 1/1600. Farin tsuntsu kuma yana son a rage masa kusan mataki ɗaya don gashinsa ya fito, sai ka tsaya tsakanin 1/2500 da 1/3200. Wannan mafari ne, gani kuma ya kori ji. Ka kunna gargaɗin da ke sa wurin da ya ƙone ya riƙa walƙiya a allon baya, ka nemi wani farin abu da rana ke duka ta fuskar da za ka ɗauka. Ni farar jarkar da masunta ke ɗaura wa raga nake nema, ko balbelar da ke zaune kan bayan saniya. Ka ɗauka, ka ƙara haske kaɗan-kaɗan har farin ya fara walƙiya, sannan ka koma baya da ƙyas ɗaya na tayar saiti. Shi ke nan. Kafin ƙarfe 9 ka sake gwadawa duk bayan minti goma ko sha biyar, don rana na ƙara ƙarfi.

M zalla na da nasa rauni, ba zan ɓoye ba. In tsuntsu ya zagaya ya koma tsakaninka da rana, saitinka ya tashi aiki, inuwarsa kawai za ka samu. In kana jiran balbela sai ga dinya ta ɓullo, baƙin bayanta zai nutse, tana buƙatar ƙarin mataki ɗaya. Maganin wannan shi ne ka san tayar da ke ƙarƙashin yatsanka: a yawancin kyamarori ƙyas uku mataki ɗaya ne, ka koya wa hannu har ya yi ba tare da ka ɗauke ido ba. Masu kyamarar da ke da ma'ajiyar saiti, C1 da C2, ko U1 da U2, su ajiye saitin farin tsuntsu a ɗaya, na baƙi a ɗaya. Mafi muni shi ne mantuwa. Na taɓa auna haske da ƙarfe 8, hira da mai kwalekwale ta ɗauke ni, ban sake dubawa ba sai wajen 10, duk abin da na ɗauka a tsakani farinsa ya ƙone, har da wata mikiyar kifi mai farin kai da ban sake samunta kusa haka ba.

Sai ranar da hazo ya sauka sosai, rana ta zama kamar faifai ana kallonta da ido. Ƙa'idar f/16 ta faɗi, haske ya ragu da mataki ɗaya ko biyu, sama da ruwa duk sun zama fari-fari. A irin wannan ranar kyamara in an bar ta takan duhunta komai, don haka mai ISO na atomatik ya ƙara mataki ɗaya tun daga farko. Abin sha'awa shi ne hasken hazo ba shi da inuwa mai kaifi, ƙarƙashin fiffike na fitowa da kyau, amma fa sai tsuntsun da ke kusa. Na nesa ƙura ta riga ta shiga tsakaninku.

Don haka in za a tambaye ni, ba harafi ɗaya zan ce ba, agogo da yanayi zan duba. Daga fitowar rana zuwa wajen ƙarfe 8, da duk ranar damina mai yawon girgije, M da ISO na atomatik. Daga 8 zuwa 10 na safe a rani, da kuma daga la'asar zuwa dab da faɗuwar rana, M zalla. Wanda bai saba ba ya yi mako biyu a Tv har hannunsa ya iya bin tsuntsu, sannan ya matsa gaba. Tsakar rana kuwa ka rufe jaka. Zafin da ke tashi daga yashi da ruwa yana kawo kawalwainiya, ta lanƙwasa hoto ta yadda ko gilashin miliyoyin naira ba zai ba ka kaifi ba.

Game da saurin kansa, lissafi ne ƙarami. Tsuntsun da ke gudun kilomita 36 a awa yana cin mita 10 a daƙiƙa. A 1/500 ya matsa santimita 2 kafin kyamara ta rufe ido, wanda ya isa ya shafe ƙwayar idonsa. A 1/2000 milimita 5 ne kawai, bin sa da kake yi da gilashi kuma na rage ko wannan ɗin. Zalɓe mai kaɗa fiffike a hankali, 1/1000 zuwa 1/1250 ya wadatar. Kirinjijiya da baƙin nan masu zuwa daga Turai, waɗanda ke juyawa ba sanarwa, 1/2000 zuwa 1/2500. Ɗan tsuntsun nan baƙi da fari mai tsayawa cak a iska kafin ya faɗa ruwa ya cafko kifi, in kana son ɗigon ruwa ya tsaya, 1/3200 ko 1/4000. Ƙofa kuma, in haske ya isa, na fi son f/8 a kan f/5.6. Da gilashin 400mm a kyamara mai ƙaramin sensa, tsuntsu na nesan mita 20, zurfin wurin da ke fitowa tas a f/5.6 bai fi rabin mita da 'yan kai ba, a f/8 ya kusa santimita 80. Zalɓe kuwa in ya buɗe fiffike ya haura mita ɗaya da rabi. Ba za ka kama shi duka ba, amma ɗan ƙarin nan na rufa asiri in fokas ya kauce kaɗan. Bayan haka gilashin zum masu araha sun fi kaifi in an ɗan tsuke su.

Fokas ba ya buƙatar dogon zance: ka sa shi a mai bin motsi, AF-C a Nikon da Sony, AI Servo a Canon. Zaɓin da ya rage shi ne faɗin wurin da zai nema. Ɗigo ɗaya ya fi daidai amma riƙe shi a kan tsuntsu mai gudu aiki ne, balle a kwalekwale. Dukan ɗigogi suna aiki lafiya a sararin sama, amma da tsuntsu ya sauko sai su kama ƙyallin ruwa ko ciyawa. Tsaka-tsaki, ƙaramin rukuni a tsakiya, shi ya fi dacewa da kogi. Sabbin kyamarori marasa madubi irin Canon R5 na 2020 da Sony A1 na 2021 suna gane idon tsuntsu da kansu, wanda ya samu hali ya more. Wanda bai samu ba kada ya karaya: D500 da 7D Mark II duk suna ɗaukar hoto 10 a daƙiƙa, kuma ana samunsu na hannu. Ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, in memorinka mai sauri ne, don yana ba da damar ceto farin da ya kusa ƙonewa, ka kuma riƙa harbi gajere-gajere, biyar ko shida, kada kyamara ta cika ta tsaya numfashi daidai lokacin da tsuntsu ya juyo.

Abu biyu a gefe kafin in ƙarasa. Dogon gilashi a bakin ruwa yana ɗaga hankalin mutane, musamman inda mata ke wanki da wanka. Ka fara gaida masu wurin, ka nuna musu abin da ka ɗauka a allo, ka kau da gilashinka daga mashigin mata. Kuma kada ka shiga kwalekwale ba rigar kariya. Hatsarin jirgin ruwa na Warra, ƙasar Ngaski, a watan Mayun 2021 bai bar zukatan mutanen yankin ba.

Akwai wani saiti da ba ya cikin kyamara, wani dattijo mai kwalekwale a fadamar Argungu ya koya mini shi. Na yi ta samun bayan tsuntsaye, wutsiya da ƙafa, duk wanda ya tashi sai ya ba ni ƙeya. Ya dube ni ya ce, "Malam, wanga wuri da ka zauna ba shi yi. Tsuntsu ba ya tashi sai ya huskanci iska." Na ce, "To Baba, ina zan koma?" Ya tura kwalekwalen da gora muka zagaya ta gabashin tabkin, ya tsaida shi cikin ciyawa. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, rana kuma daga gabas take fitowa, saboda haka da safe in ka zauna ta gabas, iska da rana duk suna bayanka: tsuntsu zai tashi yana fuskantarka, haske na dukan ƙirjinsa, iska kuma na rage masa gudu. Da damina iska na juyawa ta taso daga kudu maso yamma, sai lissafin ya koma yamma, ka zauna ta yammacin ruwa bayan la'asar.

Ranar nan ba mu fi minti ashirin a sabon wurin ba garken kirinjijiya ya taso kai tsaye ta inda muke, fararen fuskokinsu a rana. Kyamara na M, f/8, 1/2000, ISO 500, na auna tun muna zagayowa a kan farar hular Baba.